Ragar Waya a Ƙofar Mai Madara

"To, kwalba fa?" in ji yayar Mai Shebur, tana miƙa masa ruwa.

"Kwalba ba ta kwana a lambatu, Yaya. Kafin ta faɗi wani ya ɗauke, a wanke a sake zubawa. Gwangwani mai kunya ne, damina uku tsatsa ta cinye shi. Kwali yakan jiƙe ya narke, sai dai ya bar 'yar fata mai ƙyalli. Leda kuwa, ni da ke za mu tafi mu bar ta."

Shekara ashirin da biyu Mai Shebur yana yashe lambatun unguwa, har mutane sun manta sunansa na yanka. Mata ta rasu, haihuwa Allah bai ba shi ba. Tattabarunsa ne iyalinsa.

Bara mai kantin madara na saman layi ya daina kwalba ya koma leda. Masu saye su sha a tsaye, su jefa a lambatu. Sau uku Mai Shebur yana roƙonsa ya ajiye kwandon shara. Mutumin ya yi dariya ya ce, "In babu shara, kai me za ka ci?"

Da ruwan farko ya sauka, ledar ta gangaro ta toshe bututun da ke bayan gidan Mai Shebur. Ruwa ya cika akurkin tattabarun. Manyan sun tashi, 'yan shila goma sha huɗu ba su da fiffiken tashi. Da shebur ɗin aikinsa ya binne su.

"Ka bar wa Allah," in ji Yaya. "Wannan wayar ƙarfen ta mece ce?"

"Raga ce. Ɗazu na kafa irinta a lambatu, daidai ƙasan ƙofar kantinsa."

"Ai ruwa zai koma masa ciki!"

"Ruwa zai wuce abinsa. Leda ce ba za ta wuce ba. In ya kwashe ledarsa daga ragar, ƙafarsa ma ba za ta jiƙe ba."

"In bai kwashe ba fa, ɗan nema?"

Mai Shebur ya dubi hadarin da ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Ya shanye ruwan, ya goge baki.

"Sai ya koyi iyo."

Ya saɓa shebur, ya naɗe sauran wayar a hammata, ya nufi lambatun bayan makaranta.