Cokali Ɗaya Daga Alkamar Nevyana

Ranar Laraba, takwas ga watan Oktoba, da hantsi, Yordan, mijin Nevyana, ya kira ni daga ƙauyensu da ke bakin kogin Tunja. Ya ce, "Zdravka, yayarki ta tafi." Ni kuma kamar wata sokuwa na tambaye shi ina ta tafi. Haka na sami labarin rasuwarki, Dakta Nevyana Karaivanova, yayata a wurin aiki, wadda na tsufa a gefen teburinta. Likitoci sun ce huhu ne. Ban ƙaryata su ba, amma na san wanda ya taimaka wa huhun, kuma zan ambaci sunansa kafin na ajiye alƙalami.

Na san da kina nan za ki ce, "Zdravka, bakin nan naki!" To, Yaya, kin yi haƙurinki kin tafi da shi. Ni ban gaje shi ba.

Ranar da na fara zuwa cibiyarmu ta binciken tsirrai, ba ki tambaye ni takardar shaida ba. Kallon rigata kika yi, kika ciro tsohuwar rigar ulu ta mijinki kika miƙo mini, kika tura ni ɗakin sanyi. A nan muka yi rayuwarmu. Mukan niƙa ganyen alkama a turmin da ya kwana cikin ƙanƙara, mu tace da ƙyalle, mu juya a inji har a sami ɗan gari-gari a gindin kwalba wanda bai kai ƙwayar wake ba. Mitokondiriya ke nan, ƙananan murhun da ke cikin ƙwayoyin tsiro, inda yake ƙona abincinsa ya sami ƙarfi. Da ɗumi ya taɓa su sun lalace, don haka mu ne muke shan sanyin a madadinsu. Yatsunki sun kanannaɗe tun kafin furfura ta fito miki.

Ke kika koya mini cewa tsiro yana numfashi, kuma numfashin yana da ƙofa biyu. Idan ƙishirwa ko sanyi ko gishiri suka matsa masa, sinadaran da ke tafiyar da babbar ƙofar sukan cushe, guba ta fara taruwa tana cin ganyen daga ciki. Sai wani sinadarin daban ya buɗe ƙaramar ƙofa ta baya. Ba ta kawo ƙarfi mai yawa, amma tana hana tsiron shaƙewa har ruwa ya dawo. Kikan ɗiga gubar sayanayid a cikin kwalbar, ki toshe babbar ƙofar da gangan, mu zuba wa allurar awon numfashi ido. Idan ta ci gaba da motsi, sai ki daki kafaɗata ki ce, "Kin gani? Wannan 'yar ba ta mutuwa da wasa." Irin waɗannan kika riƙa zaɓa shekara da shekaru, kina haɗa su aure, kina neman alkamar da ƙofarta ta baya ke buɗewa da wuri.

Cikin ɗaliban da suka ratsa ɗakin nan akwai Strahil Bonev. Ya zo mana siriri, takalminsa na shan ruwa. Kin ciyar da shi da banitsa, burodin nan da kike gasawa da cuku, kin gyara masa kundin digirinsa layi-layi, kina kiransa Strahilcho kamar ɗan cikinki. Sanyi kam bai taɓa jurewa ba. Da an shiga ɗakin sai ya tuna yana da taro. Tarukan suka yi masa rana, ya zama daraktan cibiyar.

A shekarar da za ki kammala gwajinki na ƙarshe, kin rufe wani fili da rumfar leda, kin hana alkamar ruwa daidai lokacin da take fitar da kai. Dole ta yi yaushi, dole ta yi muni, don a cikin munin ne ake gane wadda ta iya numfashi. Sai aka ce manyan baƙi za su zo daga babban birni, Sofiya. Strahil ya zagaya, ya ga fili ɗaya ya yi ja a tsakiyar kore, ya sa aka kwarara masa ruwa. Mutumin da kika koyar da hannunki! Ba jahilci ba ne, ya fi kowa sanin abin da ruwan zai kashe.

Ina bayanki da safen da kika tarar da taɓo a ƙarƙashin rumfar. Kika je ofishinsa da laka a takalmi.

"Strahilcho, wa ya shayar mini da alkama?"

"Dakta Karaivanova," ya ce, ko ɗago kai bai yi ba, "nan cibiya ce, ba asibitin ciyawa ba. So kike baƙi su ce ba mu iya noma ba?"

Kika juya kika fita. Kafin kaka ya rubuta cewa bincikenki bai haifar da komai ba, aka sallame ki da furanni da jawabi. Ɗakin sanyinmu ya koma ma'ajiyar giyar tarbar baƙi. Alkamarki kuwa ya sa aka yanke aka zubar a juji. Ke da Yordan kuka zo da keken hannu kuka tsince kawunan daga cikin shara, ma'aikata na leƙenku ta taga. Tun daga ranar tarinki ya canza murya, ni na ji shi.

Kin shuka abin da kika tsinta a bayan gidanku, kina ƙara shi kaɗan-kaɗan. Sai fari ya zo, ya maimaita. Gonakin kwarin duka suka ƙone, taki ta yi yaushi ta sunkuya, amma ta cika kai. Manoma suka riƙa tsayar da tarakta a bakin shingenki suna kallo. Labari ya kai cibiya, sai ga Strahil da kwalin cakulan, yana kiranki "malamata". Wai irin na cibiya ne, a dawo da shi a yi masa rajista, har ya raɗa masa suna da sunan gidansu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kina kwance da robar iska a hanci kika ce masa, "Ka zo bayan na tafi, za a ba ka rabonka." Ya fita yana murmushi.

Ya kuwa zo. Ya kawo kambun furanni mafi girma a maƙabartar, sunansa a jikin ƙyallen da aka ɗaura wa kambun ya fi naki kauri. Bayan an rufe ki an zuba ruwan inabi a kan ƙasar, na ɗauki tiren dafaffiyar alkama da muke raba wa mutane don mamaci, da sukari da kirfa a sama. Ba mai ƙin karɓa a bakin kabari. Ya ɗebi cokali, ya ce, "Allah ya gafarta mata," ya tauna. Sai ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Anti Zdravka, buhunan irin nan fa, suna ina?"

"Haɗiye tukuna, ranka ya daɗe," na ce. Ya haɗiye. "To, ka ci rabonka. Ita ta ce a dafa maka."

Ya ƙware, wallahi, har sai da limamin coci ya bubbuga masa baya. Ban ba shi ruwa ba. Ya shayar da abin da ya isa a rayuwarsa.

Strahil, na san za ka karanta wannan, don kana neman sunanka a kowace jarida. Mudu ɗaya kawai muka dafa. Sauran, kamar yadda ta yi wasiyya, Yordan ya rarraba wa manoman da suka zo jana'iza, kowa da ƙullinsa a aljihun kwat, suna wucewa ta gabanka kana miƙa musu hannu. Oktoba ne, ƙasa a shirye take, kuma sun riga sun shuka. Ka fi ni sanin ƙa'ida: irin da ya bazu a hannun manoma ba ya ƙara zama sabo, balle wani ya liƙa masa sunansa. Daga nan har ƙauyukan da ke bayan tudu, Nevyana suke kiran alkamar. Duk shekarar da aka yi fari za ka bi hanyar nan a motarka, ka gan ta a tsaye dama da hagu, kuma ina roƙon Allah ya ba ka tsawon rai da lafiyar ido.

Yaya Nevyana, Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya sa ƙasa ta yi miki sauƙi. Allah ya ba ki ɗumin da ɗakin sanyi ya hana ki, da numfashin da ba a ja da roba. Ga Yordan, wanda ya tura keken hannu bai taɓa tambayar dalili ba, da 'yarku Temenushka da jikoki, ina miƙa ta'aziyyata. Allah ya ba ku haƙuri irin nata, ni ya bar ni da nawa halin.

Jiya na je kabarinki. Inda Yordan ya watsa ɗan abin da ya rage a aljihunsa, alkamar ta fara tsirowa. Ban zuba mata ruwa ba.