Yahuza Maƙeri da Gwangwanin Allinsa

Kowace safiya, da an sallame sallar Asuba a Masallacin Koudoukou, Malam Yahuza yakan bi lungun baya zuwa rumfarsa, ya share ƙofa, ya jera guduma da awartaki da magagari a kan buhu. Abu na ƙarshe da yake ɗaukowa shi ne wani gwangwanin madara cike da guntayen alli. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka. A ƙarshen watan nan zai rufe rumfar, domin idanu sun fara yi masa gardama.

Malaman makarantar da ke gefen unguwar Yakité su ke tara masa guntayen allin duk ranar Juma'a, kuma sun daɗe suna tambayar junansu: me maƙeri zai yi da alli, shi da ba ya rubutu? Wani ya ce magani yake haɗawa. Wani ya ce jikoki yake kai wa. In an tambaye shi sai ya yi murmushi ya ce alli shi ne mai shaidarsa.

Wanda ya zauna a rumfar yini guda zai gane dalilin da ya sa yake bukatar shaida. Mutane ba sa zuwa wurin mai gyara da tambaya, da hukunci suke zuwa. Iyatu mai niƙan rogo ta taɓa kawo injinta ta ce bel kawai za a canja, kada ya taɓa mata komai, ita ta fi kowa sanin ciwon abinta. Mai keken ɗinki yana son a gama kafin ya shanye shayi. Yahuza ba ya musu da kowa. Yakan ce da mai kaya ya zauna, ya sa shi ya duba da hannunsa.

Ranar da malaman suka ga aikin allin da idonsu, ranar ce Audi mafarauci ya shigo daga unguwar Miskine. Tun shekarun tashin hankali Yahuza ya daina karɓar bindiga, sai ta tsofaffin mafarauta da ya san iyayensu, Audi kuwa abokinsa ne tun ƙuruciya. Ya kwance wata bindigar toka daga cikin tsumma, ya ce gadon mahaifinsa ce, kunamar ce ta yi tauri, a sassauta ta. Jibi zai fita daji da ɗansa Haris, kuma a ranar zai danƙa masa ita.

Yahuza ya ɗan ƙwanƙwasa bututun da ƙusa, ya kasa kunne. Maimakon ƙara mai tsawo, sai ya ji sauti kamar na fasasshiyar tukunya. Ya faɗa wa Audi cewa ƙarfen ya tsage daga ciki.

Audi ya fusata. Ya juya bututun a hasken rana, sumul, ba ko ƙarzane. Ya ce da wannan ƙarfen ubansa ya kayar da ɓauna, kuma in tsufa ya toshe wa maƙeri kunne, ai akwai mai walda a bakin titi da zai gyara kunamar ba tare da wa'azi ba. Ya fara naɗe tsummansa.

Yahuza ya san abin da zai biyo baya in mutumin nan ya fita a fusace. Za a gyara kunamar, a ɗura albarushi, bututun ya fashe a hannun Haris. Ƙin aikin ba zai tsare komai ba.

"Sarkin taurin kai, zauna," in ji shi. "Ni ba zan taɓa ta ba. Kai za ka duba."

Ya sa Audi ya jiƙa bututun da kananzir, ya goge shi ƙarau, sannan ya miƙa masa gwangwanin ya ce ya shafe ƙarfen da alli har ya yi fari. Aka ajiye a inuwa. Aka zuba shayi. Audi yana ta tsokanarsa wai yau an mayar da bindiga allon makaranta, saura a sa ta karanta a, ba, ca.

Kafin kofi na biyu ya huce, wani siririn layi baƙi ya fara fitowa a kan farin allin, kananzir ɗin da ya ɓuya a cikin tsagar yana tsattsafowa. Tsawonsa ya kai ɗan yatsa. Audi ya ɗaga bindigar kamar zai harbi naman daji, hannunsa na hagu ya sauka daidai kan layin.

"Nan Haris zai riƙe," ya ce a hankali.

Yahuza bai ce ai na gaya maka ba. Ya ƙara masa shayi. Daga baya, da yardar Audi, ya toshe bututun har abada, ya goge ƙotar da mai, ya mayar wa mai ita gadonsa.

Malam Yahuza, kai ne maƙerin da ya gane cewa ƙarfe ya fi mutum sauƙin lanƙwasawa, amma ba ka taɓa ɗaukar guduma a kan mutum ba. Kai ne ka bar mai kaya ya gano gaskiya da hannunsa, ya tafi da mutuncinsa. Mu da muke koyarwa da alli, a rumfarka muka ƙaro karatu. Singila mingi, kamar yadda ake godiya a garin nan. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara wa idanunka haske.

Masu gyara da ke tasowa a unguwar Kilomita Biyar, ku leƙa rumfar kafin a rufe ta, ku koyi yadda ake cewa a'a ba tare da an kori mutum ba. In kun makara, ku je shagon Haris tela, ku ga yadda yatsunsa goma suke bin allura. Bindigar kakansa tana rataye a bangon gidansu, kuma har yau Audi ya hana kowa goge allin.