Faɗuwata a Kan Dusar Ƙanƙara

Abokina ne ya kawo shawarar tafiyar. Ɗakinmu ɗaya a unguwar Fereej Abdel Aziz da ke birnin Doha, shi yana gadi, ni ina tuƙi, kuma unguwarmu ɗaya a Zariya tun muna yara. Da hutunmu ya zo daidai a lokacin sanyi, sai ya ce mu je duwatsun ƙasar Jojiya mu ga dusar ƙanƙara da idonmu.

Na faɗa masa gaskiya tun muna Doha: ina tsoron bisa. Ko tsani da ƙyar nake hawa. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai shi.

"Haba mutumina," ya ce, "ina gefenka. Ko taku ɗaya ba zan matsa ba."

Wurin ya yi kyau ƙwarai. Itatuwa dogaye sun jeru har saman dutse, kowanne ya sha fari, ga shiru kamar an toshe wa duniya baki. Muka ari katakan zamiya, aka ɗaura mana a ƙafa, wata kujera mai tafiya a jikin waya ta kai mu sama. Tun a kujerar na rufe ido.

Da na tsaya a bakin gangaren, sai na toge. Abokina ya ce, "Yalla, tafi, ina bayanka." Na saki jiki. Katakan suka kwashe ni, na kasa tsayawa, na yi cikin itatuwa na kife. Ƙafata ta murɗe a ƙarƙashina. Na yi ta salati, ina kiransa, har Inna na kira, ni da furfura ta fara fito mini. Wata tsohuwa Baturiya ce ta zo ta kwance mini katakan. Shi sai daga baya ya iso yana haki, ya ce faɗuwa ya yi shi ma. Na yarda. Har sannu na yi masa.

Bayan mun dawo, wata Juma'a na shiga gidan cin abincin da 'yan gida ke taruwa, ina ɗingishi. Na tarar an yi cincirindo a kan waya ɗaya ana ƙyalƙyala dariya. Muryata na ji tana fitowa daga ciki, ina kiran Inna. Na leƙa, sai na ga bidiyon faɗuwata ne. Hoton bai ko girgiza ba. Ashe abokina a tsaye yake daram yana ɗauka, har ana jin dariyarsa ƙasa-ƙasa.

Na same shi a ɗaki yana guga.

"Ka ce faɗuwa ka yi."

"Wasa ne fa, mutumina. Khalas, ya wuce."

Bai wuce ba. Bidiyon ya kai Zariya, matata ta gani, 'yata ta kira tana kuka tana tambaya ko na karye.

Da wata ya ƙare na kwashe kayana na koma garin Al Wakrah, wajen wasu direbobi 'yan Katsina. Ni da abokin nawa muna haɗuwa a masallaci jefi-jefi. Yakan miƙo hannu, in karɓa, in tambayi mutanen gida, in wuce.