Takardar Gwajin da Ta Raba 'Yata da Kunun Kakarta

Edita, ina yi maka sallama. A shekarun da abin nan ya faru ni ma'aikaciyar gwamnati ce, muna zaune a Nassarawa GRA da maigidana da 'yarmu tilo mai shekara biyar. Ina cikin matan nan masu ganin tunda sun yi boko babu takardar da za ta gagare su. Wannan girman kan ne ya kai ni ya baro, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, rabi da kaina, rabi da waɗanda suka miƙo min takardar.

Ƙaiƙayi yarinyar ta fara, a wuya da hammata da ƙugu, ta yi ta susa har fatar ta yi ja tana tsattsafo da ruwa. Wata maƙwabciyata ta ba ni labarin wani ɗakin gwaji, wai jini kawai za su ɗiba su faɗa miki duk abincin da jikin yaro ba ya so. Ban bi ta kan likita ba, can na nufa kai tsaye. Bayan 'yan kwanaki suka ba ni shafi uku cike da sunayen abinci, kowanne da lamba a gabansa, wasu an ja musu jan layi: gyaɗa, madara, ƙwai, alkama, wake, har da tumatir. Na tambayi matar da ke kan kanta ma'anarsu, ta ce ai a fili yake, duk mai ja a daina ba ta. Wallahi ko tambaya ɗaya ba su yi min ba. Ba su ce me take ci ba, ba su ce a ina ƙurajen suke ba, ko kallon wuyanta babu wanda ya yi.

Na manna takardar a jikin firij, na kai kwafi makarantarsu. Na zaunar da yarinya na tsoratar da ita, na ce in ta kuskura ta ci abin da ke jikin takardar za ta mutu, don kada ta karɓa a hannun ƙawaye. Wata bakwai tana kan farar shinkafa da dankali da ɗan nama. Ta rame, wuyanta ya zama kamar mariƙin lema, ƙaiƙayi kuwa ko gezau.

Abin da ya fi ci min rai shi ne abin da na yi wa Hajiya, mahaifiyata, da ke Gawuna. A ɗakinta aka yaye yarinyar, da kunun gyaɗa, kuma tun daga nan duk Juma'a sai ta aiko mata da shi a fulas. Ni ce na mayar da fulas ɗin nan ko buɗewa ban yi ba. Kowa ya san abin da ake nufi da mayar wa uwa abinci. Hajiya ta kira ni a natse ta ce yarinyar da ta shekara uku tana shan kunun nan lafiya lau, yaushe ya zame mata guba? Na buɗe baki na ce mata zamani ya canja, jini ba ya ƙarya. Ba ta ƙara aikowa ba.

Sai tafiyar aiki ta kwana goma ta taso min, na kai yarinyar Gawuna da kwafin takardar. Hajiya ta bi ta ƙa'ida bisa ƙa'ida, abincin gidana ta ba ta, sai dai kayanta da sabulun wanki kawai take wanke su ta shanya. Na dawo na tarar fata ta yi sumul. Kwana uku da komawarmu gida susa ta dawo sabuwa. A nan maigidan ya ce ya gaji, likitan fata za mu gani.

Likitar ta ture takardata gefe ta shiga yi min tambayoyi kusan rabin awa. Ta ce lambar da ke jini tana nuna jiki ya san abu ne kawai, ba lallai yana cutar da shi ba, kuma abincin da yaro ya saba ci bai taɓa kumbura ko ya yi borin jini ba, jan layi ba ya haramta shi. Ta ce in duba inda ƙurajen suke, duk inda tufafi ke gugar jiki ne. Suka manna mata wasu 'yan filastoci a baya na kwana biyu. Da aka ɗaye, wuri ɗaya ne ya tashi ya yi ja, na sinadarin turare. Ni ce kullum nake ɗora kayan makarantarta a kan kabbasa in turara su, in bi da humra, don kada a ce 'yata ba ta ƙamshi.

Muka daina turara mata kaya, fata ta warke. Abincin kuwa likita ta ce bayan dogon hani a gabanta za a fara mayar da shi. Na je Gawuna na durƙusa na ba da haƙuri, Hajiya ta dama kunu da kanta ta biyo mu asibiti. Da ta miƙa kofin, yarinyar ta ɓoye hannuwanta a baya tana kuka, ta ce Mama ta ce in ta sha za ta mutu. Hajiya ba ta ko kalle ni ba, rufe fulas ɗinta kawai ta yi.

'Yan'uwana mata, takardar gwaji ba hukunci ba ce. Kada ku hana yaro ko loma ɗaya sai likitan da ya san fannin ya ji tarihinsa ya duba jikinsa. Masu miƙa wa uwa shafi uku su ce ta je ta karanta kuma, su ji tsoron Allah. Yanzu 'yata tana cin ƙwai da wake da burodi, amma shekara biyu ke nan, kunun kakarta har yau ba ta yarda ta kai shi baki ba.