Ƙarfe Bakwai Aka Ce a Gwaram

Juma'a: Kano zuwa Birnin Kudu

Ƙarfe shida saura kwata, gari bai gama wayewa ba, ni da Malam Sale muka rataya jakunkunanmu muka nufi tasha. Ku 'yan'uwa da muke gudun safe tare kun matsa mini in ba ku labarin gasar Gwaram. To ga shi, amma ku yi haƙuri da ni, don har yau raina bai gama hucewa ba. Shekara talatin ina gyaran agogo a kasuwa. In aka ce mini ƙarfe bakwai, bakwai na sani, ban san wata bakwai da ke kaiwa goma ba.

Ga wanda bai san Malam Sale ba, malamin Islamiyya ne, shekararsa hamsin da bakwai. Shekara biyu da suka wuce hawan jini ya kayar da shi a tsakiyar aji, ya yi wata guda bakinsa a karkace. Likita ya ce ko ya motsa jiki ko ya koma gadon. Ya fara da tafiya, ya koma sassarfa, har ya zama yana gudun kilomita goma sha biyar ba ya haki. Sai wani direba ɗan ƙauyensu, can yankin Dingaya, ya hango shi wata safiya yana gudu a titi ba abin da ya koro shi. Kafin mako ya zagayo labari ya cika ƙauye: ciwon nan ya taɓa wa Malam kai. Mahaifinsa, tsohon malami da ya haura tamanin, shi ma labarin ya kai masa. Rubutun sha kawai ya aiko masa a jarka. Wannan jarkar ta fi shi kansa ciwon yi wa Malam zafi.

Shi ya sa da aka sanar da gudun kilomita ashirin da ɗaya daga Gwaram, aka kuma ce a mahaɗar ƙauyensu za a juyo, Malam ya aika gida cewa a fito da Baba bakin titi ya gani da idonsa: taron jama'a masu hankali ne ke yin abin nan, ba ɗansa kaɗai ba.

Motarmu ta tashi shida da rabi. Mun manta Juma'a ce kasuwar Wudil, sai da muka ɓata minti arba'in a bayan motocin shanu kafin mu haye gada. A wani shingen bincike gaba da Kachako jami'i ya buɗe jakata ya ɗago takalmin guduna.

"Baba, na ɗanka ne?"

"Nawa ne. Ko za ka biyo ni mu gwada?"

Ya yi dariya ya ce mu wuce, shi gwiwarsa ba ta wannan.

Goma da kwata muka sauka Birnin Kudu, bayan kilomita ɗari da talatin ko kusa da haka.

Birnin Kudu

Gidan Hajiya Uwani, ƙanwar Malam, muka sauka. Bayan sallar Juma'a muka je wani shago da kwamitin gasar ya aro muka karɓi lambobin ƙirji. Sakataren kwamitin, wani matashi mai waya biyu a hannu, ya buga ƙirji ya ce mini, "Alhaji, bakwai daidai za a busa usur. Mu ba ma wasa da lokaci." Na dubi agogon hannunsa na ga ya tsaya cik a kan uku da minti goma. Tun nan gabana ya faɗi.

Da la'asar Hajiya ta dire mana tuwon dawa miyar kuka da man shanu, malmala uku-uku. Na ce masu gudu ba sa cika ciki haka, ta ce a gidanta ba a yin wannan bidi'ar. Muna ci ta zauna daga bakin ƙofa.

"Yaya, na yi waya da gida. Baba ya yarda zai fito. Amma ka san halin jikinsa, tara na bugawa rana ta kai gindin darbejiyar nan ta bakin titi, sai a mai da shi ɗaki."

"In an tashi bakwai, takwas da kwata ina gabansa," in ji Malam.

"Ya kuma ce in ya ga kai kaɗai ne, to maganar mutane ta tabbata."

Malam ya ajiye lomar da ke hannunsa. Bai ƙara cin komai ba. Ni kuma na tuna gargaɗin likitansa, wanda a gabana ya yi: kada goma da rabi ta same shi yana gudu a rana.

Asabar: Birnin Kudu zuwa Gwaram

Biyar da minti talatin da biyar, muna fitowa daga masallaci, muka shiga motar mijin Hajiya. Kilomita hamsin da 'yan kai ne. Kaka ta yi, dawa ta sunkuya hagu da dama, manoma har sun fara share gefen kwalta za su baza shanya. Shida da rabi muna filin da za a tashi.

Wurin ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinsu ba. Masu gudu sun cika fili, daga Dutse, daga Azare, daga Ningi, ga 'yan makaranta, ga malaman asibiti. Iska mai sanyi. Muka ɗumama jiki, bakwai saura biyar muka jeru a bayan igiya.

Bakwai ta buga. Shiru. Bakwai da minti goma sai mai lasifika ya ce a ƙara haƙuri, babban baƙo na hanya. Na kutsa na sami Sakatare.

"Yana ina?"

"Ya kusa fitowa daga gida."

"Wane gidan?"

"Na Dutse."

Innalillahi! Mutumin da ko wanka ban tabbata ya yi ba, shi ne "na hanya"!

"To ku busa usur ɗin mana, in ya zo ya raba kyauta."

Ya dube ni kamar na zagi iyayensa. "Haba Alhaji! A fara taro babban baƙo bai zauna ba? Ai rashin kunya ne. Shi zai ɗaga tuta."

"Wannan ba walima ba ce, yaro, gudu ne! Rana za ta jira shi ne? Akwai dattawa a layin nan!"

"To su shiga inuwa."

Wallahi da ba don furfurata ba da na shaƙe shi. An jera kujerun roba ƙarƙashin rumfa, da wata ƙatuwar kujera mai laushi a tsakiya ba kowa a kai, ita muke wa biyayya. Motar ruwan da ya kamata ta riga mu ta ajiye tebura a hanya tana fake a gefe, wai sai baƙo ya ga kwalayen an ɗauki hoto.

Bakwai da minti arba'in Malam ya ja ni gefe. Ya yi lissafin da ni ma na yi: in muka wuce haka, Baba ya shiga ɗaki.

"Ni zan tafi, Alhaji."

"Malam, in muka tafi mu biyu, abin da mutanen ƙauye suka faɗa shi Baba zai gani. Sai ma dai a ce mahaukatan sun zama biyu."

"Na sani. Amma na ce masa zan zo da safe."

Na yi wa waɗanda ke kusa magana, ko mutum goma su biyo mu. Kowa ya sunkuyar da kai, wai Sakatare ya ce duk wanda ya tashi kafin tuta ba shi da lambar yabo. Na danna agogona, muka ɗaga igiya muka wuce.

Hanyar Dingaya

Kada Allah Ya nuna muku gudun mutum biyu a hanyar ƙauye. A kilomita na uku wata mata ta hango mu ta ja akuyoyinta ta yi cikin dawa. A na biyar wani manomi ya yar da dami ya biyo mu da lauje a hannu yana haki.

"Lafiya? Me ya faru a Gwaram? Su wa suka biyo ku?"

"Motsa jiki ne!" na ce.

Ya tsaya turus, ya riƙe haɓa. Na ji yana faɗa wa na bayansa, "Kai, ai ɗan gidan tsohon Malam ne. Ashe da gaske ne."

Malam ya ji. Bai waiwaya ba, amma na ga kafaɗunsa sun sauka.

Ruwa kuwa babu ko ɗigo, yana can yana jiran hoto. Wani mai shayi a bakin hanya ne ya ɗebo mana daga randarsa, Allah Ya saka masa. Ga wata wahalar kuma: muna matsawa kusa da ƙauye, duk dattijon da muka tarar sai Malam ya rage gudu ya rusuna, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali. Na ƙirga, sau bakwai. Ina ta nuna masa agogo, yana ce mini, "Kawuna ne, Alhaji, yaya zan yi?"

Tara saura minti shida muka hango darbejiyar. Tsoho na zaune a kan buzu, fari fat, siriri, da carbi a hannu, mutanen ƙauye sun kewaye shi. Rana ta riga ta kai gefen buzun. Ba wanda ya tafa. Kallo kawai, irin wanda ake yi wa mara lafiya.

Malam ya cire hular rana ya durƙusa a gabansa, gumi na ɗiga a ƙasa. Ni ma na durƙusa, gwiwata ta yi ƙara.

"Barka da hantsi, Baba."

"Salihu. Ina taron da ka ce?"

"Suna Gwaram, Baba. Suna jiran babban baƙo ya zo ya ɗaga tuta."

Wani daga baya ya yi 'yar dariya. Ni dai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsohon ya juyo gare ni.

"Kai ne abokin nasa? Ƙarfe nawa aka yi da ku?"

"Bakwai, Baba."

"Yanzu fa?"

"Tara saura biyar."

Tsohon ya miƙa hannu ya kama fuskar ɗansa, ya shafa gefen bakin nan da ya taɓa karkacewa, ya ɗora tafinsa a ƙirjinsa ya daɗe yana sauraro.

"Daga Gwaram da ƙafarka?"

"Da ƙafata, Baba."

Sai ya ɗaga murya yadda na bayan nan zai ji. "Mutum ya ce zai zo da safe ya zo da safe, wasu sun ce bakwai har tara suna zaune suna gadin kujera. Ku gaya mini wanda kansa ya taɓu a ciki." Ya saki ƙirjin. "Tashi, Salihu, rana na yi. Na yafe maka gaisuwa daga nan har Gwaram, duk wanda ya yi ƙorafi ya zo ya same ni."

Malam ya miƙe yana share ido da gefen riga. Kilomita biyun da suka biyo baya da ƙyar na kamo shi.

Komawa Gwaram

Goma saura minti goma, saura mana kilomita uku, sai ga jiniya ta bayanmu, ayarin babban baƙo ne a guje, motoci na bin juna, aka kora mu gefe har na taka shanyar gyaɗar wani bawan Allah. Na ɗaga hannu na nuna musu agogo. Ban sani ba ko sun gani, amma na ji sanyi a raina.

Goma da minti goma sha biyu muka shiga fili. Awa biyu da minti talatin da biyu, har da gaisuwa. Mun tarar ana jawabi na biyu, masu gudu sun yi laushi a rana. Sakatare ya ce ba mu da lambar yabo tunda ba mu tashi a hukumance ba. Na ce ya riƙe abarsa, ya kawo agogonsa dai in sa masa batir kyauta. Sha ɗaya saura kwata aka ɗaga tuta. Na ji tausayin yaran nan, kusan rabinsu a motar ruwa aka dawo da su.

Lahadi: gida

Mun kwana Birnin Kudu, muka taso bakwai na safe, sha ɗaya saura muna Kano lafiya, alhamdu lillahi. Godiya ga Hajiya Uwani da maigidanta, da mai shayin da ban tambayi sunansa ba, da mai gyaɗar da ya ce ya yafe.

Muna sauka a tasha wayar Malam ta yi ƙara. Baba ne da kansa, abin da ya yi wata takwas bai yi ba. Ina tsaye kusa, ina ji.

"Salihu, ƙarfe nawa kake fita gudun nan kullum?"

"Shida saura kwata, Baba."

"To. Lokacin ina kan buzu ban tashi ba, zan riƙa sa ka a addu'a. Kada ka makara."