Rawanin da na naɗa wa abokina

Shekarun baya, lokacin da nake tashen sa farar shadda da jera biro biyu a aljihun gaba, ƙaramar hukumarmu ta kafa wani kwamiti. Ba za ni faɗi wace ƙaramar hukuma ce ba. Mu dai mutanen tsakanin Isa da Sabon Birni ne, wanda ya sani ya sani. Sunan kwamitin dogo ne, sai ka tsaya ka ja numfashi a tsakiyarsa, amma aikinsa shi ne kare haƙƙin ɗan Adam da gyara zama tsakanin ƙabilu. Lokacin hankali ya fara tashi a yankinmu, kowa na kallon maƙwabcinsa da gefen ido, don haka da na ji labarin wallahi na ji daɗi har raina. Aka naɗa ni magatakarda, don ina da difloma kuma na iya buga takarda a kwamfuta. Jama'a, ku zo ku ga tafiya! Har mahaifiyata sai da ta tanka, ta ce, "Kai, wanga sabon taku fa? Gwamna anka ba ka?"

Shugabanmu wani Alhaji ne mai fara'a, irin mutanen nan da ba su taɓa ce maka a'a, ba su kuma taɓa yin abin da suka ce maka to. Mun yi zama uku ko huɗu muna shan lemo, sai ga labari cewa manyan baƙi za su zo daga Sakkwato bayan kaka su duba aikinmu. Wane aiki? Babu ko ɗaya. Sai Alhaji ya kawo dabara: a shirya taron zaman tare, kowace ƙabila ta fito da shigarta, a yi jawabi, a ɗauki hoto.

Muka hau jero ƙabilu. Gobirawa ga mu nan birjik. Fulani an samu. Ibo akwai mai sayar da kayan babur. Bayarabe akwai telanmu na bakin kasuwa, wanda, saboda wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarabawa, ya ce zai zo in dai za mu amsa a gaban baƙi cewa mu bayinsa ne, muka ce ya zo ɗin ya ga ko zai koma gida da hularsa. Saura Buzaye.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ai akwai Buzaye can bayan fadama, sun daɗe nan. A aika a kira su."

Alhaji ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Waɗancan? Kai yaro ne. In sunka zo, maganar rijiyar da anka hana su ɗiba za su ɗauko gaban baƙi. Taron murna za mu yi, ba kotu ba. Nemo muna Buzu mai hankali."

Kun ji fa. Kwamitin kare haƙƙi ne ke gudun masu kuka. A nan ya kamata in aje biro in kama gabana. Ban tashi ba. Don neman suna ma sai na buɗe baki na ce, "Ina da shi."

Abokina nake nufi. Tare muka yi karatun allo a zaure ɗaya, tare muka yi firamare da sakandare, gonarsu na iyaka da tamu. Kakan babansa ne ya zo daga arewa cikin ayarin gishiri, ƙasar ta yi masa, ya sauke kaya, ya yi aure, ya sari daji. Abin da ya rage wa abokina na Buzanci shi ne hasken fata da dogon hanci, sai tsokanar da muke yi masa. Ko kalma ɗaya ta harshen bai sani ba. Raƙumi kuwa, in ya hango shi a kasuwar Bafarawa canza layi yake yi.

Na same shi yana ɗaurin gero na yi masa bayani. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ya ce, "Ni mi ya haɗa ni da rawani? Babana ma hula yake sawa."

Na ce, "Don Allah ka rufa min asiri. Awa ɗaya ce tak, kuma na riga na yi alkawari."

Ya ce, "To, saboda kai. Amma in na faɗo daga raƙumin nan, kai za ka yi jinyata."

Da na gaya wa mahaifiyata, ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Yaron ga nan anka yanke cibiyatai, ni na riƙe uwatai ranar haihuwa. Yanzu kai za ka mai da shi baƙo don mutanen birni su yi kallo? Ɗiyan mutane ba kayan ado ba ne." Ni kuwa da yake ilimi ya yi min yawa, na ce, "Inna, ba za ki gane ba, wannan harkar ci gaba ce." Allah Ya yafe min wannan magana.

Ranar taro ni da hannuna na naɗa masa rawani, bayan na kalli yadda ake yi a waya. Na rataya masa takobin aro. Raƙumin ma na aro ne, na wani mutumin Gangara da ke huɗa da shi. Abokina ya hau yana salati, ya ƙanƙame sirdi, gumi na zuba, baƙi kuwa suna ta tafi. Mai hoto ya ce ya sauke amawali daga bakinsa a ga murmushi, ya sauke. Wata mata cikin baƙin ta ce abin ya taɓa zuciyarta. Aka ci shinkafa, aka watse, Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce gaba tawa ce.

Da sabuwar shekara ta matso aka ce a buga kalanda da hotunan taron. Hoton abokina ya fi kowanne kyau, shi aka sa a tsakiya, babba. Alhaji na tsaye a bayana yana faɗa ina bugawa. A ƙarƙashin hoton ya ce in rubuta: baƙinmu daga maƙwabciyar ƙasa, suna zaune lafiya a cikinmu.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ɗan garin nan ne fa."

Ya ce, "Rubuta dai, hakan ya fi daɗin ji. Wa ke karanta ƙasan hoto?"

Na rubuta. Da waɗannan yatsun nawa. Kalandar ta shiga kowane ofis na sakatariya, har abokina ya karɓi ɗaya ya kai wa mahaifinsa, muna ta yi masa kirarin sarkin raƙuma.

Farkon damina aka buɗe ɗaukar wani aikin ɗamara. Tun muna yara abokina ba shi da buri sai kaki. Sau biyu yana nema bai dace ba, kuma wannan ce shekararsa ta ƙarshe, daga ita shekarunsa sun haura ƙa'ida. A wannan karon an tsaurara, an ce dole kowa ya kawo sabuwar takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda muke kira indijin. Ya karɓo wasiƙar mai unguwa, ya karɓo ta hakimi, saura sa hannun sakatariya. Kwana goma ya rage a rufe. Na ce ya kwantar da hankalinsa, sakatariya gidana ce, in muka shiga minti biyar ya yi yawa.

Jami'in da ke sa hannu baƙo ne a wurin, an kawo shi daga wani gari. Ya karɓi takardun, ya duba, ya ɗauki biro. Sai ya ɗaga kai ya dubi abokina. Ya waiwaya ya dubi bangon bayansa, inda kalandar take rataye. Ya sake duban abokina. Ya mai da murfin biro.

Ya ce, "Malam, wannan ba kai ba ne a kan raƙumi?"

Abokina ya yi murmushi ya ce, "Ni ne, ranka shi daɗe. Wasa ne anka yi."

Ya ce, "Wasa? Takardar hukuma ce wannan, ga tambari a jiki. Hukuma ta ce kai baƙo ne daga ƙetare, yau kuma ka zo in sa hannu cewa kai ɗan ƙasa ne, ka je a ba ka bindiga? A bakin iyaka? A wannan zamanin? Ni ban gaji da aikina ba."

Na shiga maganar da ƙarfina. Na ce ni ne magatakardan kwamitin, ni na ari rawanin, ni na ari raƙumin, ni na buga rubutun, duk shiri ne. Ya bar ni na gama tsaf, sannan ya ce, "To kai da bakinka ka ce ka rubuta ƙarya a takardar hukuma. Yanzu wacce zan gaskata, ta jiya ko ta yau?" Na tambaye shi mafita. Ya ce abu ɗaya ne zai warware: shugaban kwamiti ya rubuto cewa rubutun kalanda kuskure ne.

Layi biyu kacal. Na fita da gudu wajen Alhaji. Ya ce, "Subhanallahi! Za ni yi mai magana, kar ka damu." Washegari ya tafi ta'aziyya. Jibi ya tafi Sakkwato. Rana ta huɗu na tare shi a ƙofar gidansa, da takardar a buge, biro a hannuna, sa hannu kawai zai yi. A nan ya faɗa min gaskiyarsa.

Ya ce, "Yaro, ka yi tunani. Rahoto ya riga ya tahi sama da hoton nan, har yabo anka yi muna. In na rubuta cewa ba baƙo ba ne, na ce ke nan mun yi wa manya ƙarya. Kwamitin za a rushe. Shi abokinka ya yi haƙuri, Allah na da wata ƙofa."

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba, ni da ko kallon idonsa ban iya yi. Na ce, "Alhaji, haƙƙin wa muke karewa? Mutum ɗaya ne ya taɓa zuwa wurin kwamitin ga da buƙata tun da anka kafa shi, kuma mu munka cuce shi! Ka tsaya gaban mutane ka karanta jawabi kan adalci, yau layi biyu sun gagare ka?" Ya ce ba ni da tarbiyya. Ya shige mota, direba ya ja.

Babu inda ba mu buga ba. Mahaifin abokina, tsoho mai ciwon ƙafa, ya hau babur ya zo sakatariya tare da limaminmu. Mahaifiyata ta yafa mayafi ta biyo su ba wanda ya kira ta. Ta tsaya gaban jami'in ta ce, "Ɗana, in shaida kake so, ga ni. Kakan yaron ga shi ya ba mijina irin gero shekarar da fari ya cinye namu. Kabarinai na bayan gari, ka taso in nuna ma." Jami'in ya sunkuyar da kai, na ga alamar abin ya dame shi. Ya ce iyakar abin da zai iya shi ne ya tura maganar ga masu tantancewa, su kuwa sai ƙarshen wata suke zama. Tsohon ya tsaya yana kallon hoton ɗansa a bango, sannan ya ce a mai da shi gida.

Takardar ta fito bayan an rufe ɗaukar aiki da mako biyu. Tsaf da ita, da tambari, da sa hannu. Na kai masa gona, na tarar yana noman farko. Ya goge hannu a riga, ya karɓa, ya karanta tun daga sama har ƙasa, ya ninke ya sa a aljihu. Ya ce, "Ashe ɗan garin ga ne ni. Na gode." Ya ɗauki fartanyarsa ya ci gaba. Da ma ya zage ni, da ya fi min sauƙi.

Na rubuta takardar ajiye muƙami mai shafi biyu, na zuba Turancin da na sani duka a ciki. Ba wanda ya karanta. Abin da aka aiko a tambaye ni shi ne ina na aje makullin kabad.

Har yau in na ji an ce ana taron haɗin kan ƙabilu, ba na leƙawa. Ba wai abin ba shi da kyau ba ne. Muna buƙatarsa fiye da kowa, mu da muka ga abin da zargin juna ke haifarwa. Amma na ga yadda ake yinsa: masu kuka na gaskiya an bar su bayan fadama da rijiyarsu, ɗan gida kuma an yi masa shigar baƙo don hoto ya yi kyau. Ina jin haushin Alhaji, ina jin haushin ofishin nan. Wanda na fi jin haushi shi ne mai biro biyu a aljihu, don shi ya san gaskiya tun farko, kuma abokinsa ne.

Abokina bai yanke ni ba. Muna gaisawa, muna zuwa sabgar juna, yana nomansa yana ɗan kai hatsi kasuwa. Bai taɓa tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Bara aka yi masa haihuwar ɗa namiji, na je suna da sassafe. Bayan an shafa fatiha sai na ji jaririn ya tsala wani irin kuka daga cikin gida, kuka mai tsawo. Can wanzami ya fito yana goge aska. Aka miƙo min yaron in yi masa addu'a, na buɗe zane, sai na ga kumatunsa biyu jawur, an tsaga su tun daga gefen baki har kusa da kunne. Askar Gobirawa ce cikakkiya. Mu da muka gaje ta mun daina yi wa 'ya'yanmu, su kuwa gidansu ba a taɓa yi wa kowa ba tun daga kakan kaka.

Na dubi abokina na ce, "Haba! Mi ya kai ka?"

Ya karɓi ɗansa, ya gyara masa zane a hankali. Ya ce, "Wanga dai ba mai tsai da shi ya tambaye shi daga ina ya hito."

Ban iya cin tuwon sunan ba.