Ranar da Baba Shehu Ya Cire Takalmi a Motar Hajiya Fati

Ina kwance ƙarƙashin wata motar haya da hantsin Talata, ina ɗaure salansa, wayata ta yi ƙara. Binta ce, babbar 'yar Baba Shehu. Ta yi sallama, sannan ta ce, "Yaya Isa, Baba ya cika." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na daɗe a wurin ban fito ba, sifana na hannuna. Bayan Azahar muka kai shi makwancinsa. Rabin waɗanda suka yi sahu a bayansa direbobi ne da makanikai, wasu ko kayan aiki ba su tsaya cirewa ba.

Baba Shehu maigidana ne a sana'a. Aikin jirgin ƙasa ne ya kawo mahaifinsa Minna, shi kuwa ya tashi cikin ƙarafa, ya kafa garejinsa a Dutsen Kura, gindin wani tsohon mangwaro. Shekara goma sha ɗaya na yi a hannunsa. Ba shi da tsawa, ba shi da gaggawa. In aka kawo mota, yakan bar ta a tsaye ya zauna da mai ita tukuna, ya tambayi inda take zuwa, da abin da take ɗauka, da wanda ya taɓa ta na ƙarshe. Yakan ce mana, "Kada ka sa mutum ya sayi ƙarfe don kai ka gaji da tunani." A lokacin ina ganin wannan ɓata lokaci ne.

Dole in faɗi abin da ba na jin daɗin faɗa, domin ba za a gane halinsa ba sai da shi. Ban bar garejinsa da sallama ba. Wata rana ya sa na mayar da wani sabon famfon mai da na saka wa motar mutum ba tare da na tabbatar tsohon ya mutu ba, a gaban mai motar. Na ji zafi, na kwashe kayana, na buɗe nawa wurin a Maikunkele. Shekara bakwai ban taka garejinsa ba. In na hango shi a wajen ɗaurin aure, sai in sauya hanya.

Motar Hajiya Fati ce ta mayar da ni. Hajiya Fati mutuniyar Bida ce, tana sayar da shinkafa a Kasuwar Kure. Mijinta ya rasu ya bar mata wata tsohuwar wagon, irin wadda aka daina ƙerawa tun ina yaro, amma ya riƙe ta da kyau, ko kujerunta ba su yage ba. Da ita suka yi ƙaura zuwa Minna, a cikinta ya kai ta asibiti duk haihuwarta. 'Ya'yanta sun matsa ta sayar, ta ƙi. Damuwarta ɗaya, in an loda buhuna aka bi hanyar gona da damina, gindin motar yana gogar ƙasa. Ta ce in ɗaga mata bayan. Na ƙara ƙarfe bibbiyu a sifirin na baya, motar ta tashi kamar faɗin yatsu huɗu, ta yi kyau a ido.

Kwana uku direbanta ya dawo da ita. Da an hau kwalta an ba ta wuta sai ta kama rawa, madubi yana karkarwa, kujerar baya tana kaɗawa kamar ana tankaɗe. Na kai tayoyi aka yi balansin. Na sauya biyu na baya. Na cire farfela, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfin inji daga giya zuwa tayoyin baya, na saka mata sababbin kuros, gaɓoɓin da ke ba ta damar lanƙwasa. Rawar tana nan. Mako uku ina abu ɗaya. Ranar da Hajiya ta zo da kanta ba ta yi mini faɗa ba. Ta dafa motar ta ce in gaya mata gaskiya, in ba za ta gyaru ba, domin babban ɗanta har ya yi magana da 'yan gwangwan. Da hannuna na ɓata abin da mijinta ya shekara talatin yana lallaɓawa.

Washegari na tuƙa ta zuwa Dutsen Kura. Na shirya maganganu da yawa a hanya, ban yi amfani da ko ɗaya ba. Baba yana zaune a bencinsa, ya tsufa fiye da yadda na zata. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa kamar jiya muka rabu, ya dubi motar, ya tambayi abin da na taɓa kafin ta soma. Na ce sifirin. Ya ce mu je.

Bai zauna a gaba ba. Ya shiga baya, ya cire takalmansa, ya dasa tafin ƙafafunsa a ƙasan motar. A kan hanyar filin jirgi ya ce in taka totur. Ta fara rawa. Ya ce in saki, ta lafa. Ya ce in sake takawa, sannan in zare giya in bar ta ta gangara da kanta. Tsit. Ya tambaye ni ko sitiyari yana motsi a hannuna, na ce a'a.

"To tayoyin da ka yi ta wahala da su ba su daina juyawa ba da ka saki totur," in ji shi. "Me ya daina aiki?"

Na ce farfela. Ya ce lafiyarta ƙalau, zamanta ne ya ɓaci.

Da muka koma gareji, a kan ramin duba mota ya ɗaura noti a bakin zare, ya sake shi yana lilo har ya tsaya, ya auna karkatar wutsiyar giya da ta bakin aksil na baya, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, yana zanawa a jikin kwali. Ya nuna mini ba su dace ba. Kuros biyun da ke kan farfela, na gaba da na baya, dole su lanƙwashe daidai wa daida, don ɗaya ya shanye fizgar ɗaya. Da na ɗaga bayan, sai na baya ya fi karyewa. Maganin abin shi ne ƙarafa biyu masu bakin gatari, da za a cusa tsakanin sifirin da aksil su daidaita bakinsa. Bai karɓi aikin ba. Ya miƙo mini magogi, ya koma benci. Na goga, ya duba, ya ce saura kaɗan. Sau uku. Da muka sake fita, ya yi gyangyaɗi a kujerar baya.

Da Hajiya Fati ta zo tana ta godiya, ya tare ta. Ya ce ɗagin da na yi daidai ne, aunawa ɗaya ta rage, kuma ni na yi ta. Ta zagaya motar tana shafa ta, tana share ido da gefen mayafi. Bayan ta tafi na buɗe baki zan roƙi gafara. Ya ɗaga hannu.

"Shiga gida ka gaida Innarku. Ita ce ke da fushi da kai, ba ni ba."

Shekara huɗu muka samu bayan wannan. Kowace Juma'a ina biyawa. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, bai daina tambayar motocin da ke hannuna ba, kuma in na ba shi labari sai ya tambayi abin da na auna.

Ranar addu'ar uku, Inna Hauwa, mai ɗakinsa, ta kira ni gefe. Ta ce akwai abin da ya hana ta faɗa yana raye. Duk shekarun nan bakwai, in aka kawo masa mota daga ɓangaren Maikunkele, sai ya ce wa mai ita akwai ɗansa a can, ya je wurinsa, hannunsa ya fi nasa sauri. Ni kuwa a lokacin ina ta murna, ina cewa sunana ne ya kai.

Ya Allah, ga bawanKa Shehu ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa na ƙasa da shi. Ka ba Inna Hauwa haƙuri da lafiya, Ka shirya Binta da ƙannenta, Ka haɗa kansu. Mu da ya koya wa sana'a, Ka sa duk halal ɗin da muka ci da ita ya zama nauyi a mizaninsa. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.